Hannu Na Bakwai

Baba Fasto Jiya ya mutu bai rubuta komai ba. Abin da ya ɓata lamarin ke nan. Shekara talatin da ɗaya mutumin nan yana tsaye a kan mumbarin Ikilisiyar Ƙofar Tumaki da ke Tudun Fulani, yana gaya wa jama'a su shirya wa mutuwa, shi kuwa ko layi ɗaya bai bari ba a kan wanda zai gaje shi. In an yi masa maganar takarda sai ya kaɗa hannu ya ce, "Ku bakwai ne dattawa, kuma kowa da kunnensa. Me zan rubuta?"

Abin da ya bari a kunnuwan nan kuwa ba shi da yawa. Duk wanda zai zama fasto, sai ya je reshen ikilisiya da ke Beji ya yi damina guda cur, daga ruwan farko har a yanke dawa. Ya noma gonar coci da hannunsa, ya sha ruwan da mutanen ƙauyen ke sha, ya binne matattunsu. In ya dawo, dattawa bakwai su ɗora masa hannu. Bakwai cif. In hannu ɗaya ya ƙi, babu naɗi.

Dokar tana da dalili. A farkon kafa reshen an tura wani matashi daga gari, ya tafi da jarkar ruwansa. Wata tsohuwa ta miƙa masa ƙwarya ya ce ya gode, yana da nasa. Cikin wata biyu cocin Beji ya koma mutum huɗu. Ranar da Baba Jiya ya je ba da haƙuri, a gindin kaɗanyar da ke bakin gonar ya kafa dokar nan, a gaban kowa.

Ndaceko yana wurin ranar. Kafinta ne, shagonsa na bakin titin Bosso, kuma shi ne na biyu a shekaru cikin dattawan. Aji uku ya yi a firamare ya gudu. Littafi Mai Tsarki na Hausa yake karantawa, da yatsa yana bin layi, bakinsa na motsi. Mumbarin cocin shi ya ƙera, bencinan ma duka nasa ne, har shingen maƙabartar ikilisiya da ke Beji shi ya kafa wa turaku. A cikin shingen nan matarsa Asabe take kwance shekara shida, kuma an bar masa fili a gefenta na dama. Duk sanda ya je Beji sai ya cire ciyawar wurin, kamar mai share ɗakin da zai tare.

Mako biyu bayan jana'izar Baba, ranar Asabar da hantsi, dattawan suka zauna a ofishin fasto. Shugabansu Dattijo Ndatsu ne ya buɗe magana. Tsohon ma'aikacin ofis ne a jami'ar da ke Gidan Kwano, mai tabarau da biro uku a aljihu.

"'Yan'uwa, garke ba ya zama babu makiyayi," in ji shi. "Kun dai ga cocin nan na kan titi mai allon wuta, ya kwashe mana matasa. Ɗaliban da ke zuwa a mota daga Gidan Kwano sun ragu. Ga Stephen ɗan Baba, ya yi karatun tauhidi a Jos, yana wa'azi a Abuja, sunan Jiya yake ɗauke da shi. In muka ɗora shi, ba wanda zai motsa daga kujerarsa."

Kawuna biyar suka gyaɗa. Ndaceko yana kankare busasshen gam daga farcensa.

"Ya yi daminar?" ya tambaya.

"Wace damina?"

"Ka san wace."

"Haba Dattijo. Yaron nan digirinsa biyu."

"Allah ya ƙara masa na uku. Ban ce bai iya ba. Na ce ya je Beji."

Ndatsu ya cire tabarau. "To a ina aka rubuta dokar nan? Nuna mini shafi."

"Kai ka riƙe wa Baba lema ranar da ya faɗe ta. Ruwa ake yi. Ko lemar ce ta toshe maka kunne?"

Wani ya yi dariya, ya mai da ita tari. Wani kuma ya ce, "To fito fili mana. Zamani kake so." Zamani shi ne mai bisharar da ke zaune a Beji, ya yi damina tara a can.

"Zamani? Mutumin da in ya fara wa'azi ko awaki barci suke yi? Ba na son Zamani, ba na ƙin Stephen. Ku tura yaro gona, a yanke dawa ya dawo, ni zan fara ɗora hannu. Kafin nan mu riƙe mumbari bi da bi. Wata takwas ba ya kashe ikilisiya. Amma in yau aka tsallake doka saboda ɗan Baba ne, gobe ɗan wa za a hana?"

Ndatsu ya ce an ji. Aka sa ranar naɗi, Lahadi ta uku ga wata. Suna ganin in rana ta zo, idon jama'a zai tanƙwara shi.

Ana saura kwana huɗu, Mama Christiana, matar marigayin, ta zo shago da kanta. Ta same shi yana goge ƙofa, maƙwabcinsa Malam Garba mai sayar da katako yana zaune a kan buhun dusar katako yana tsokanarsa.

"Kafinta, an ce kun rasa limami. In abin ya gagara mu ara muku ladaninmu."

"Wanda ke kiran sallah da mura? Ku riƙe kayanku."

Da Garba ya ga Mama sai ya miƙe, ya yi mata gaisuwar rashi, ya koma rumfarsa. Ndaceko ya share mata kujera da hularsa.

"Baban Faith," ta ce, don da sunan 'yarsa take kiransa, "kai ka riƙe Stephen ranar da aka yi masa baftisma a rafi."

"Ni ne, Mama. Ya shure ni a ciki."

"To me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba. Mijinki ne ya yi mini. Ya sa ni na ce amin a gindin kaɗanya, kuma ban janye ba."

"Yaron bai taɓa riƙe fartanya ba. Fuka gare shi tun yana ƙarami."

"Akwai masu fuka a Beji, Mama. Su ma 'ya'yan wasu ne."

Ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago, muryarta ta sauka. "Ndatsu ya ce in ka kunyata su a gaban baƙi, horo za su sa ka. Ka san abin da horo ke nufi. Ka tuna da Asabe."

Ya sani sarai. Wanda aka sa a horo bencin baya yake zama, kusa da ƙofa. Ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasar da ake rabawa a sujada, ba ya magana a taro, in kuma ya mutu a haka ba a binne shi cikin shinge. Hanyar fita ɗaya ce: ya tsaya gaban jama'a ya ce ya yi kuskure. Shi kansa ya ɗaga hannu an sa mutum huɗu a bencin nan, bai taɓa jin ɗar ba.

Ya ɗauki abin gugarsa ya ci gaba da aiki. "Ina tunawa da ita kullum. Ki gaida gida, Mama."

Ranar Lahadi coci ya cika har waje. An gayyato wani Rabaran, babban fasto daga Kontagora, zumuntar mata sun yi anko, mutanen Beji sun zo cikin bas biyu da kyautar doya. Aka yi waƙa, aka yi karatu. Stephen ya durƙusa a gaban mumbari cikin baƙar kwat, Rabaran ya ce dattawa su matso.

Suka matso su bakwai. Hannu shida suka sauka a kansa da kafaɗunsa. Ndaceko ya tsaya a wurinsa, hannayensa biyu a baya.

Rabaran ya buɗe ido ɗaya, ya yi masa alama da haɓa. Bai motsa ba. Ndatsu ya ce ƙasa-ƙasa, "Don girman Allah, Dattijo."

"Don girman Allah ɗin ne," in ji Ndaceko, kuma bai yi ƙasa-ƙasa ba. Ya juya ya fuskanci jama'a. "Ku ƙirga. Shida ne. Baba ya ce bakwai, kuma ya ce sai bayan damina. Mutanen Beji, wannan yaron ya taɓa kwana a garinku?"

Jama'a suka waiwaya wajen mutanen Beji. Can wata tsohuwa ta ce, "Ko ruwanmu bai sani ba." Mai kiɗan ganga ya so ya rufe maganar da kiɗa, wani ya riƙe masa hannu. Rabaran ya rufe littafinsa, ya ce shi dai ba a gaya masa haka ba, ba zai yi addu'a a kan rigima ba. Mutanen Beji suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suka bar doyarsu a bakin ƙofa. Stephen yana nan durƙushe, gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan siminti.

Ranar Talata aka sa Ndaceko a horo, aka cire shi daga dattawa. Laifinsa, ta da hankali a cikin sujada a gaban baƙi. Ranar Laraba su shida suka ce yanzu su ne duka dattawan, suka ɗora wa Stephen hannu a ofis, suka sa masa farar kwalar fasto a wuya.

Lahadi ta zagayo, Ndaceko ya zo da wuri kamar kullum, ya zauna a bencin baya. Ya girgiza shi, ya ji ƙafa ɗaya na rawa, ya ce a ransa gobe zai zo da guduma. Kafin a fara waƙa wani tela ya zo ya zauna kusa da shi. Sai wata malamar asibiti da 'ya'yanta. Kafin a kai ga wa'azi bencina huɗu na baya sun cika maƙil, na gaba kuwa ana iya kwanciya a kai. Da aka zo jibin Ubangiji, Stephen ya tsaya da faranti a hannu, mutum goma sha ɗaya suka fito. Daga Beji kuwa ko bas ɗaya bai zo ba.

Bayan an tashi Ndaceko ya tare su a waje. "Wa ya aike ku? Ni aka sa a horo, ba ku ba. Ku koma kujerunku, ku daina matse ni." Ba wanda ya koma.

Mako na uku Zamani ya zo shago, da hula a hannu, yana murmushin da Ndaceko bai so ba.

"Baba, mutane sun gama magana. Beji gaba ɗaya, da rabin na nan. Akwai wani ɗakin taro a Maikunkele da za a ba mu. Mu buɗe namu. Kai ne shugaban dattawa, kuma ka ga maƙabarta a wajenmu take, ba mai hana ka wurinka."

Ndaceko ya ajiye zarto. Maganar ƙarshen nan ta shige shi. Sannan ya ce, "Zamani, damina tara ka yi ba ka koyi komai ba? Na tsaya ne don kada a tsaga ikilisiya, kai kuma ka zo mini da gatari. Koma Beji ka gaya musu, duk wanda ya bi ka Maikunkele kada ya ƙara gaishe ni. Sa hularka ka tafi, ina da aiki."

Garba ya leƙo daga rumfarsa. "Kafinta, kai dai ba ka da abokin tafiya. Waɗancan sun kore ka, waɗannan ka kore su."

"Ai kai kana nan."

"Ni katako nake sayar maka."

Ranar da hadarin farko ya haɗu ta wajen Bosso, Stephen ya shigo shagon. Ya rame. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar ɗan makarantar da aka kira ofis.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya, ɗana. Kauce daga kan ƙusoshin nan."

"Baba, me kake so in yi? In na tafi Beji, na nuna wa duniya naɗin da aka yi mini ba naɗi ba ne."

"To naɗi ne?"

Stephen ya kau da kai.

"Miƙo hannunka." Ya miƙa. Ndaceko ya juya shi ya duba tafin, ya sake. "Ka tuna hannun ubanka? In ya shafa kan yaro sai yaron ya yi kuka, don kaushi. Mutanen nan ba wa'azinsa suka bi ba, wa'azinsa ma tsawo gare shi. Sun bi shi ne don ya san inda kowa ke kwana. Kai ka fi shi baki, wannan ba gardama. Amma ka tsaya da faranti mutum nawa suka fito?"

"Goma sha ɗaya."

"Ka ƙirga ashe. To je ka ƙirga kunya a gona."

Lahadi mai zuwa, bayan an gama sanarwa, Stephen ya cire farar kwalar ya ajiye a kan mumbari. Ya ce zai dawo ya ɗauka in an yanke dawa, in dattawa sun yarda. Ranar Litinin ya shiga motar Beji da katifa da buta. Mama Christiana ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwar Ndaceko ba. Bencinan gaba suka fara cika, bas ɗin Beji ya dawo, dattawa suka riƙe mumbari bi da bi kamar yadda aka ce tun farko.

Horon dai bai tashi ba. Ndatsu ya ce ba don maganar damina aka sa shi ba, don ta da hankali ne, kuma hanyar fita kowa ya san ta. Ndaceko ya ce ba zai faɗa ba. "In na ce na yi kuskure, shekara biyar nan gaba wani mai biro zai tashi ya ce ai wanda ya tsaya a kan dokar ma ya janye." Ya ci gaba da zama a bencin baya shi kaɗai. Ya gyara ƙafar.

Cikin watan Yuli ƙafafunsa suka fara kumbura. A asibiti aka ce zuciya ce, aka ba shi magani, aka ce ya bar zarto. Cikin Agusta ya ce wa Faith ta raka shi Beji.

Sun sami Stephen a tsakiyar dawa, cikin yagaggiyar singileti, ya yi baƙi, yana huci. Ya riga ya binne mutum uku, har ya fara tsintar Gwaranci, mata na yi masa dariya in ya faɗa. Ndaceko ya kama hannunsa ya duba. Bororon fartanya ya fashe ya warke, tafin ya fara tauri. Ya sake shi, ya wuce maƙabarta.

Ya cire ciyawar gefen Asabe, a hankali, yana hutawa. Sannan ya fita ta ƙofar shingen, ya zagaya ta baya, ya zaro abin awonsa daga aljihu. Ya ce Faith ta riƙe bakin a kan dutsen kabarin. Ya ja ta tsakanin waya har inda ƙasa ta daidaita a waje.

"Ƙafa goma sha ɗaya," ya ce. Ya kafa tsinke a wurin.

Faith ta saki awon ta fashe da kuka. Stephen ya ce, "Baba, wallahi ba za a yi haka ba. Ni ke nan garin, ni zan haƙa. A gefenta za ka kwanta, kowa ya faɗi abin da zai faɗa."

"Kai wa?"

"Baba..."

"Ba fasto ba ne kai tukuna. Ko ka zama, dokar horo ta ikilisiya ce, da hannuna a ciki. Mutum biyu na nan wajen shingen, ni na ce a sa su nan. Na hana a karya doka saboda kai, sai in bari a karya saboda ni? Me zan ce wa ubanka?" Ya naɗe awonsa. "In kana so ka yi mini wani abu, nemi littafi ka rubuta maganar nan. Damina guda, hannu bakwai. Su shida su sa hannu, Ndatsu ya fara, tunda shi ke da biro."

Stephen ya rubuta a ranar, a littafin makaranta mai bangon shuɗi. Sai da aka yi mako shida ana jan magana kafin Ndatsu ya sa hannu.

Farkon Oktoba Ndaceko ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Ndatsu ya zo da la'asar, ya zauna a bakin gado, ya daɗe yana goge tabaransa.

"Ndaceko, shekara talatin muna benci ɗaya. Ba sai ka je coci ba. Ga ni, ga Faith shaida. Kalma uku ce. Ka faɗa, in je in ce ka faɗa."

"Na yi kuskuren?"

Ndatsu ya sunkuyar da kai. "Ba wannan nake tambaya ba."

"Ni shi nake tambaya. In kun ga ban yi ba, ku shida ku tsaya gaban jama'a ku ce ku kuka yi. Kalma uku ce."

Ndatsu ya mai da tabaransa, ya ce zai kai maganar zama na gaba. Zama na gaba sai ƙarshen wata. Ndaceko ya rasu ranar sha tara, dawa ta fid da kai ba ta nuna ba.

Malam Garba ya kawo katakon maɗaci mafi kyau a rumfarsa don akwatin gawa, ya ce kada wanda ya yi masa maganar kuɗi. Stephen ne ya haƙa kabarin, shi da Zamani, daidai inda aka kafa tsinken. Mutane sun fi na ranar naɗi yawa, kuma duk a waje suka tsaya, ba wanda ya shiga shingen.

Da aka yanke dawa an cike gurbin dattijo na bakwai, hannu bakwai suka sauka a kan Stephen, coci bai tsage ba. Littafin shuɗin yana cikin durowar mumbari. Filin da ke gefen Asabe kuwa har yanzu ba kowa, ciyawa ta rufe shi. Ndaceko yana bayan waya, ƙafa goma sha ɗaya daga matarsa.